Yadda ɗalibi zai zaɓi aikin horo a buɗaɗɗun manhajoji

Ɗalibin kwamfuta a Marwa, Ngaundere ko Njamena da ke neman horon aiki daga gida yana da manyan ƙofofi biyu a buɗaɗɗun manhajoji, wato waɗanda kowa zai iya ganin lambobinsu ya kuma aika gyara. Google Summer of Code, wanda aka fara a 2005, yakan fitar da sunayen ƙungiyoyin manhajojin da za su karɓi ɗalibai a Fabrairu, a karɓi takardun neman shiga daga Maris zuwa farkon Afrilu. Outreachy kuma sau biyu ake yin horonsa a shekara, Mayu zuwa Agusta da Disamba zuwa Maris. Samun ƙofar ba wuya. Wurin zaɓen aikin ne ɗalibai da yawa ke faɗuwa, don sunan manhaja suke bi.

Kafin komai, ka gwada kwamfutarka. Ka sauko da lambobin manhajar da git clone --depth 1, wanda zai bar tsohon tarihin ya rage maka cin data, sannan ka bi umarnin da ke cikin fayil ɗin CONTRIBUTING ka haɗa ta har ta tashi. Idan kwana uku sun wuce ba ta tashi ba, ka sake wata. Chromium na neman fili kusan giga 100 a faifai, LibreOffice kuma kan ɗauki sa'o'i wajen haɗawa. Mai RAM giga 4, a garin da ake ɗauke wuta, zai ƙare wa'adinsa yana jiran allo. Ayyukan Python, PHP ko JavaScript, irin Django da kayan aikin Wikimedia, sun fi sauƙin ɗauka.

Daga nan sai mai koyarwa, kuma mu a wurinmu wannan ya fi komai nauyi. Ka buɗe jerin gyare-gyaren da baƙi suka aika a watanni uku na baya. Kwana nawa ake yi kafin a amsa musu? Ana yi musu bayani, ko rufewa kawai ake yi? Gyaran da ya yi wata biyu ba wanda ya tanka alama ce ta gidan da masu shi suka yi nisa. Sai ka nemi matsala mai alamar good first issue, wato wadda ta dace da sabon shiga, ka gyara, ka aika. Amsar da za ka samu ita za ta nuna maka zaman da za ku yi na wata uku. Idan kuma aikin mutum biyu ke kula da shi, ya fi, don ɗaya na iya yin tafiya ko rashin lafiya a tsakiyar wa'adi.

Girman aiki kashi uku ne a shirin Google: sa'o'i kusan 90, 175 ko 350. A ƙarshen Mayu ko farkon Yuni ake fara rubuta lambobi, lokacin da jarrabawa ke kan ɗalibai da yawa a nan, saboda haka wanda bai gama zango ba, gara ya tsaya a 175. Outreachy na so ɗalibi ya nuna yana da kwana 42 a jere babu aji babu jarrabawa. Ana yarda ka aika wa Google takardar neman shiga fiye da ɗaya, amma guda ɗaya da ta raba aikin mako-mako, ta faɗi fayilolin da za ka taɓa, ta fi da yawa da aka yi cikin gaggawa.

Kada Turancin Ingilishi ya tsorata wanda ya yi karatu da Faransanci. Kusan duk maganar a rubuce take, gajerun jimloli sun wadatar.

Abu biyu sukan ɓata aiki a ƙarshe. Google ba ya ɗaukar shirinsa a matsayin horon aiki na hukuma, don haka ka tambayi shugaban sashenku tun a Fabrairu ko zai karɓi shaidar kammalawa a madadin takardar kamfani. Kuɗin da Google ke biyan mahalarta kuma ta Payoneer, kamfanin tura kuɗi ta intanet, suke zuwa, sai ka tabbatar sunan da ke katin shaidarka ya zo daidai, harafi da harafi, da na asusun bankin da za ka karɓi sefa a ciki.