Aikin kula da wasanni a Job Corps: yadda ake nemansa da yadda ake riƙe shi

Jama'a sallama. Wannan na 'yan'uwanmu ne da ke Amurka, musamman samari da 'yan mata da suka gaji da tuƙin Uber ko gadin dare ko ɗaukar kaya a sito, akwai wani aiki da ban cika ganin mutanenmu suna leƙawa ba, shi ne aikin kula da wasanni da nishaɗin ɗalibai a cibiyoyin Job Corps. Na yi aikin nan kuma ina ganin ya dace da mu ƙwarai, in dai mutum ya san abin da zai tarar tun kafin ya sa ƙafa.

Ga wanda bai sani ba, Job Corps shiri ne na gwamnatin tarayya da aka kafa a 1964 zamanin shugaba Lyndon Johnson, yana ƙarƙashin ma'aikatar ƙwadago, ana ɗaukar matasa 'yan shekara 16 zuwa 24 daga gidajen masu ƙaramin ƙarfi a koya musu sana'a kyauta, walda, kafinta, wayarin, fenti, girki, taimakon jinya, kanikanci da sauransu, wanda bai gama sakandare ba kuma ya ƙarasa a can. Yawancinsu a cibiyar suke kwana, a ci da su a sha da su, a duba lafiyarsu, a ba su ɗan alawus, wani ya kai shekara biyu a ciki. Cibiyoyin sun haura 120 a faɗin ƙasar, har a Bronx ta Kudu a birnin New York akwai ɗaya. Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne mafi yawan cibiyoyin kamfanoni ne ke tafiyar da su a kan kwantiragi, irin su MTC da Adams and Associates, kaɗan ne hukumar gandun daji ke riƙe da su, don haka in za ka nemi aikin ba lallai a shafin gwamnati za ka gan shi ba, shafin kamfanin da ke riƙe da cibiyar garinku za ka shiga ko shafin neman aiki na Indeed, ka rubuta Recreation Assistant ko Recreation Specialist.

Abin da suke nema ba wani mai yawa ba ne. Takardar gama sakandare, lasin tuƙi mai tsabta wanda ba a cika shi da tara ba, izinin aiki a ƙasar, sannan za su binciki tarihinka saboda akwai yara 'yan ƙasa da 18 a ciki, galibi har gwajin ƙwaya. In kana da satifiket na agajin gaggawa da na CPR, wato farfaɗo da wanda numfashinsa ko zuciyarsa ta tsaya, daga Red Cross to ka sa shi a sama-sama, in ba ka da shi je ka yi, ba ya cin lokaci. Kuma don Allah kada ka raina abin da ka taɓa yi, in ka horar da yaran unguwa ƙwallo a Nima ko Zinder ko Kano, ko ka riƙe ajin Islamiyya ranar Asabar a masallacinku, duk ka rubuta, don su abin da suke so su ji shi ne ka taɓa tsayawa a gaban matasa 20 ba ka rikice ba. A intabiyu kusan dole su tambaye ka me za ka yi in faɗa ya ɓarke, ka riƙe abin da zan faɗa a ƙasa.

Lokacin aiki shi ne abu na farko da ke korar mutane. Ɗalibai suna aji da shagon koyon sana'a da rana, kai naka yana farawa ne lokacin da suka tashi, wato daga yamma zuwa dare, ga Asabar da Lahadi, ga ranakun hutu. In kana da iyali ku zauna da uwargida ko maigida ku yi lissafi tun yanzu, don za ka riƙa fita lokacin da yara ke dawowa daga makaranta. Amfaninsa kuma safiyarka taka ce, wasu ma kwaleji suke zuwa da safe su zo aiki da yamma.

To yanzu ainihin maganar. Kada wani ya ce maka aikin raba ƙwallo da sandar snuka ne kawai. Yaro ba kasafai yake yanke shawarar barin cibiya a cikin aji ba, a aji hannunsa na kan aiki malami na kansa, da yamma ne in an tashi ya zauna shi kaɗai a bakin gado kewar gida ta taso, abokan da ya baro suna turo masa saƙo, ɗan ɗakinsu yana ba shi haushi, a nan ne yake cewa ni gobe tafiya zan yi, ko ya je ya nemi abin da zai sa a kore shi. Zauren wasanni shi ne dandalin cibiyar, in dandali ya mutu matasa za su samo wa kansu wani wajen taruwa a bayan gini inda ba idon kowa. Saboda haka aikinka shi ne waɗannan awowin su cika da abin yi har lokacin kwanciya, kuma in ka yi shi da kyau ka taimaki yaro ya fita da takardar walda ko da ba ka taɓa riƙe injin walda ba.

Makon farko ka rage surutu ka haddace sunaye. Ka tsaya a wajen rajistar shiga, duk wanda ya sa hannu ka karanta sunansa ka kalli fuskarsa, gobe in ya shigo ka kira shi da sunan, wallahi za ka ga yadda fuskarsa za ta canza. Ka san inda akwatin agajin gaggawa yake da na'urar farfaɗo da zuciya da ƙofofin fita, ka san tashar da sikyuriti suke a oba-oba, ka yi abota da masu kula da ɗakunan kwana don su suka san wanda ya kwana yana kuka da wanda suka yi cacar baki da safe. Kaya kuma kada ka ba kowa sai ya ajiye katinsa, ƙwallo ko hannun PlayStation, in ka yi sake sau ɗaya shi ke nan ka buɗe ƙofa.

Wajen tsara kalandar wata kuwa kada ka zauna a ofis kai kaɗai ka rubuta abin da kake so. Akwai majalisar ɗalibai a kowace cibiya, ka zauna da su, ka kuma tambayi waɗanda ba sa cikin majalisar. Ƙwallon kwando ita ce sarauniya a can, in ka bar ta za ta cinye filin kullum, samari 10 majiya ƙarfi suna wasa sauran ɗaruruwa suna kallon waya, 'yan mata kuwa ko ƙofar ba za su shigo ba. Sai ka raba lokaci ka tsaya a kai ko za su yi maka tsaki, yau kwando, gobe ƙwallon raga, a ware wa mata awarsu a ɗakin ɗaga ƙarfe, a yi daren fim, gasar gem, zane da saƙa da haɗa duwatsun wuya, daren da kowa zai nuna basirarsa. Ƙwallon ƙafa tana da jama'a fiye da yadda ake zato, yaran Latin da 'yan gudun hijira daga Somaliya da Kwango da Afganistan jira suke wani ya buɗe musu fili, kai kuma a nan ka fi kowa. Ni har dara na koya wa wasu da murafen kwalba a kan kwali, suka kama ta kamar me.

Amma wanda ya fi buƙatarka ba ya cikin masu ihu a fili. Ka duba lungu, za ka ga wata sabuwar zuwa ta ja hular rigarta ta rufe kai, abin ji a kunne, ta jingina da bango gwiwa a ƙirji. Kada ka je ka tsaya a kanta kana cewa tashi ki yi wasa, ba za ta tashi ba. Ka zauna ɗan nesa da ita ka ce ina neman mai riƙe min allon maki ko za ki taimaka, ka miƙa mata alƙalami ka koma wajenka. Ta iya ƙi yau, jibi ka sake tambaya ba tare da nuna haushi ba. Ranar da ta karɓa ta sami dalilin zuwa zauren, daga nan wata za ta zauna kusa da ita su fara hira, kai kuma ka ja baya ka bar su.

Faɗa zai zo, yawanci a kan fawul. Alamarsa ba ta ɓuya, wasa ya yi zafi, an daina dariya, wani ya fara tafiya yana matsowa ƙirji a gaba, 'yan kallo sun miƙe sun fiddo wayoyi. A nan za ka busa usur ka karɓe ƙwallon ka sa a hammata ka ce hutun ruwa minti biyar, ka kira ɗaya daga cikinsu da sunansa da murya ƙasa-ƙasa ka ce zo mu taka, don in ka yi masa tsawa a gaban abokansa dole ya nuna shi namiji ne. In har an kai ga dambe ka kira sikyuriti a oba-oba nan take, ka kori 'yan kallo waje, kada ka shiga tsakiya kana riƙe wuyan rigar kowa sai dai yadda horon cibiyar ya koya maka. Dalilin da ya sa nake dagewa a kashe wutar tun tana hayaƙi shi ne dokar Job Corps a kan duka da ƙwaya ba sassauci, naushi ɗaya na iya raba yaro da gadonsa da abincinsa da sana'arsa, wani kuwa ba shi da gidan komawa. Haka wiwi, ko da jihar ta halatta kamar yadda New York ta yi a 2021, a cikin cibiya haramun ce tunda shirin na tarayya ne, in ka ji wari ka kai rahoto, rufa asiri a nan cutarwa ce gare shi da kai.

Fita waje, sinima ko kallon wasa ko kanti, ita ce abin da suka fi so kuma ita ce ta fi tsinka zuciya. Takardar sunaye a hannunka, ka ƙirga kafin a shiga mota, ka ƙirga bayan an zauna, ka ƙirga a ƙofar wajen, ka ƙirga kafin a taso, da suna da fuska ba da kai kawai ba. Ka faɗi wajen haɗuwa da lokaci sau biyu, ka san su waye 'yan ƙasa da 18, ka san mai asma da wanda gyaɗa ke tayar masa da ciwo, rasit kuma ko na dala ɗaya ne ka ajiye. Ruwa kam ba a shiga sai da mai ceto mai satifiket a wajen.

Sai maganar da ta fi shafarmu mu Hausawa. Mun taso da kyauta da jan yaro a jiki, ka ga yaro ba takalmi ka saya masa, ka dafa kafaɗarsa, ka ɗauke shi a motarka, ka yi masa faɗa kamar ƙaninka. A wannan aikin duk ka ajiye su a gida. Ba ba da lambar waya, ba abota a Instagram ko Snapchat, ba rance, ba ɗauka a motarka, ba keɓewa da ɗalibi a ɗaki a rufe ƙofa, soyayya kuwa ko da ɗalibar ta kai 23 kora ce kai tsaye. In ka ga mabuƙaci ka kai maganarsa ga mai ba shi shawara, akwai hanyar da cibiya ke bi ta taimaka. In wani ya ce zan faɗa maka sirri amma kada ka gaya wa kowa, ka ce masa tun kafin ya fara, in maganar cutar da kai ce ko cin zarafi dole in sanar, kuma ka sanar ɗin a daren ba gobe ba. Za su kalle ka cikin ido suna magana, za ka ji ashar da za ta sa kunnenka ya yi zafi, kallon ido a wajensu ba raini ba ne, ashar ɗin kuma ka gyara a natse ba tare da ka ɗauke ta a zuci ba.

Sallah kuma ka yi maganarta da oganka tun ranar farko, Magariba da Isha'i a bakin aiki za su same ka, dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa addinin ma'aikaci sauƙi daidai gwargwado, abin da ake so kawai ka sami wanda zai tsaya maka kada ka bar zaure ba kowa. Da azumi ka tuna da ɗalibai Musulmi, ka yi magana da 'yan kicin a ajiye musu abincin buɗa baki da na sahur, in ana odar fiza ka sa a haɗa da marar naman alade. Hutun ƙarshen shekara yawanci suna tafiya gida amma akwai waɗanda ke zama saboda ba inda za su, in an nemi mai aiki a kwanakin nan ka ɗaga hannu tunda Kirsimeti ba ta hana ka komai, ka shirya musu abu mai kyau ba fim ɗaya a kunna a tafi ba.

Kafin ka tashi kowane dare ka rubuta rahoto, adadin waɗanda suka zo, kayan da suka lalace, duk abin da ya faru da lokacinsa da sunan wanda ya gani, abin da idonka ya gani kawai ban da zato. Albashin na awa ne kuma ba zai sa ka yi arziki ba, gaskiya ke nan, sai dai cikakken ma'aikaci yakan sami inshorar lafiya da hutu mai albashi, kuma daga nan mutane ke hawa zuwa shugaban sashen wasanni ko kula da ɗakunan kwana ko su yi karatu su zama masu ba da shawara. Abu ɗaya da za ka bincika da kyau, a watan Mayun 2025 ma'aikatar ƙwadago ta sanar da dakatar da cibiyoyin da ke hannun 'yan kwantiragi, kotun tarayya a New York ce ta taka mata burki a watan Yuni, don haka in ka je intabiyu ka tambaye su kai tsaye yaushe kwantiragin cibiyar zai ƙare, ɗalibai nawa ke ciki yanzu, kuma mutum nawa ne za ku riƙa tsayawa a zaure a shifti ɗaya, in suka ce kai kaɗai ne da ɗalibai sama da 100 to ka nemi a ƙara bayani kafin ka sa hannu.