Yadda Mai Ciwon Sukari Zai Samu Taimako Wajen Awo a Gida

1. Ranar zuwa asibiti, ka tambayi likitanka sau nawa ya kamata ka riƙa auna sukarin jininka. Mai allurar insulin ya fi mai shan ƙwayar magani buƙatar yawan awo.

2. Kafin ka sayi na'urar awon sukari, tambayi farashin 'yan takardun da ake ɗiga jini a kai, ka tabbatar ana samunsu a kemis ɗin unguwarku. Su ne ke cin kuɗi, kuma kowace na'ura da irin nata. Na'urori da yawa suna kwance a durowa saboda wannan.

3. Ɗauki na'urar ka kai wa nas ta koya maka: wanke hannu da sabulu, ka busar, ka soki gefen yatsa.

4. In kana da inshorar lafiya ta NHIA (hukumar inshorar lafiya ta ƙasa) ko ta jiha, tambayi abin da suke biya. Ka kuma nemi reshen Ƙungiyar Masu Ciwon Sukari ta Najeriya mafi kusa.

5. Rubuta kowane awo da lokacinsa a ƙaramin littafi, ka riƙa zuwa da shi asibiti.

6. Wannan kada ka yi sakaci da shi: koya wa mutum ɗaya a gida. Ya san cewa in awo ya sauka ƙasa da 70 (a na'urar da ke nuna ma'aunin mg/dL), ga gumi da rawar jiki, sai a ba ka lemo mai zaƙi nan take, muddin kana iya haɗiya.