Yadda za ka zama mai binciken tsakiyar gungun taurari, kana ɗan Marwa

Wani ƙanena ɗan lise ya ce shi aikin taurari zai yi, gwaggonmu ta ɗauka duba yake nufi, har da salati. To ba duba ba ne.

Fara da sanin abin da za ka bincika. A tsakiyar manyan gungun taurari akwai baƙin rami, wato wuri mai ƙarfin jan da ko haske ba ya iya kuɓuce masa, mai nauyin rana miliyoyi ko biliyoyi, idan gas da ƙura suna zuba ciki sai su yi ta juyawa suna zafi har haskensu ya iya danne na taurarin gungun gaba ɗaya, shi ake cewa AGN. Carl Seyfert ya yi rubutu kan irinsu a 1943, Maarten Schmidt ya gano nisan wani AGN mai tsananin haske da ake kira 3C 273 a 1963, a 2019 kuma aka fitar da hoton baƙin ramin da ke tsakiyar gungun taurarin M87.

A lise ka riƙe lissafi da fizik da kyau, ka yi bak C in da hali. Daga nan lisans na fizik, ko a jami'ar Marwa ko Ngaundere ko Yawunde, duk ɗaya, maki dai ya yi kyau.

Abin da yara ke sakaci da shi Ingilishi ne da Python, yaren rubuta shirin kwamfuta, kuma nan ake faɗuwa wallahi. Mu da Faransanci muka taso amma kusan duk takardun binciken da Ingilishi suke fitowa. Aikin kansa ma ba kwana a tsakar gida kana kallon Zara ba ne, zama ne gaban kwamfuta kana tace lambobi, wani lokaci sati guda kana neman kuskure ɗaya a layi ɗaya. Bayanan SDSS, wani babban aikin zana taswirar sararin samaniya, kyauta suke a intanet, ka sauke ka fara gwadawa tun kana shekara ta biyu, ka dai riƙa adana aikinka saboda ɗauke wuta.

Bayan lisans nemi masta a AIMS, cibiyar ilimin lissafi da ke Limbe, ko a NASSP, shirin karatun ilimin taurari na Afirka ta Kudu, can ne MeerKAT, na'urar hangen nesa ta rediyo, take da farantanta 64. Sai dakta, shekara 3 zuwa 5, sannan aikin kwantiragi na shekara biyu ko uku daga wannan ƙasa zuwa waccan kafin ka samu kujera. Wannan ka faɗa wa su Baba tun yanzu, kar su zauna jiran albashi bayan lisans.