Armuwar ɗaya, mutum biyu: yadda za ku ƙara mata wuri

Yawancin armuwar (wato kabad ɗin ajiye tufafi) da ake saidawa a nan Yamai, tiyon rataye kaya guda ake gitta mata daga wannan gefe zuwa wancan, sai katako ɗaya a sama, shikenan. Tsarin masu rataye kwat ne. Mu kuwa kayanmu na ninkewa sun fi yawa, atamfa, leshi, ɗankwali, shaddar da ta dawo daga wurin masu bugu, shi ya sa ƙasan armuwar ke zama juji sama kuma babu komai sai iska, maigida na cewa kayan madam sun cinye wuri ita kuma tana nuna mishi manyan rigunansa. To ba sai kun sayi sabuwa ba, cikinta za a sake.

Kafin ku kira kafinta ku kwashe komai ku zube kan tabarma, na ratayewa gefe, na ninkewa gefe, wanda ya shekara biyu ba a sa ba a ba mabuƙata. Ku yi wannan tare dan Allah, kar ɗaya ya yanke wa ɗaya hukunci yana kasuwa. Tsayin tarin kowa shi zai nuna yadda za a raba, ba dole sai rabi da rabi ba.

Sai awo. Zurfin armuwar in bai kai santimita 55 ba abin rataye riga ba zai zauna daidai ba, ƙofa za ta riƙa matse hannun riga. Jallabiya da abaya suna son tsayin santimita 150 zuwa 160, amma wuri siriri ya ishe su, ku ware musu lungu ɗaya. Shat da ƙananan kaya mita ɗaya ya wadatar, kenan in armuwar ta haura mita biyu za a iya sa tiyo biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, wurin ratayewa ya ninka ba tare da an ƙara faɗi ba.

Sauran duka a yi shi hawa-hawa, kuma nan ne aikin yake. Tsakanin hawa da hawa kar ya wuce santimita 30 ko 35, don in ya yi tsawo za a jibga zannuwa ashirin, ranar biki a zaro na ƙasa duk su rufto. A kasuwar Katako za ku samu falankin kwantirplake (siraran fallayen katako da aka manne wuri ɗaya), guda yana zuwa faɗin santimita 122 da tsawon 244, ku nemi mai kaurin milimita 15 ko 18, siririn nan mai araha wallahi wata kaɗan zai lanƙwashe don atamfa nauyi gare ta. Ko mai kaurin ne in tsawon hawa ya zarce santimita 80 a sa mishi tokara a tsakiya. Ku ce wa kafinta ya huda ramuka a jere a gefe yadda za ku iya ɗaga hawa ko sauke shi in kaya sun canza, wasu kafintocin ba sa son wannan aikin, ku nace.

Bayan ƙofa ma wuri ne, ƴan ƙugiyoyi sun ɗauke hijabi, bel da carbi, amma banda jaka mai nauyi, tana sa ƙofa ta saki. Can sama kusa da rufi a ajiye bargo da rigunan sanyi cikin jaka mai zif saboda ƙurar hunturu, a jefa kafur. Hulunan maigida a jera su cikin juna a kwali ɗaya.

Ƙasa kuma a ɗaga ta kamar santimita 10 daga daɓe, ruwan shara kar ya taɓa katako, kuma in gara ta fara gini za ku gani da wuri. In armuwar doguwa ce a ɗaure ta da bango saboda yara masu hawa, amma gidan haya ku fara tambayar mai gida kafin a huda mishi bango.