Darasi: Bakin Rauta Mai Ja Sama da Mai Dannawa Ƙasa

Rauta inji ne da kafinta ke amfani da shi wajen fitar da kwari, rami ko ƙawata gefen katako, kuma bakinsa yana iya juyawa sama da sau 20,000 a minti ɗaya. Daga cikin bakunan da ake ɗaura masa akwai masu murɗaɗɗen kaifi, kuma inda murɗin ya fuskanta shi ne yake nuna inda garin katako zai tafi.

Baki mai ja sama yana da murɗi irin na bakin injin huda. Yana janyo gari sama zuwa ɓangaren injin, ya fitar da shi daga ramin, saboda haka ba ya saurin yin zafi, kuma shi ya dace da rami mai zurfi irin wanda ake yi domin haɗa ƙafar tebur da gangar jikinsa. Illarsa ita ce yana ɗaga zaren katakon da ke sama, ya bar gefen aikin a tsattsage, musamman a jikin falawud, wanda fatarsa ta sama siririya ce ƙwarai. Yana kuma ƙoƙarin ɗaga katakon, don haka wajibi ne a ɗaure shi tamau kafin a kunna inji.

Mai dannawa ƙasa yana yanka fatar sama yana danne ta, sai gefen ya fito sumul. Amma garin ba shi da mafita; yakan cushe a cikin kwarin, ya ɗauki zafi, ya ƙona katakon, ya dakushe bakin, har wani lokaci ya kama wuta. Wannan haɗari ne da bai kamata a raina shi ba. Sai a riƙa yanka kaɗan-kaɗan, zurfin kowane zagaye kada ya wuce kaurin bakin, a share garin kafin a sake bi. Kada a nutsa shi kai tsaye cikin katako kamar ana huda.

Idan za a raba falawud gida biyu kuma ana son fuskokinsa duka su yi kyau, akwai baki na uku da ya haɗa halayen biyun: tsininsa yana ja sama, jikinsa yana dannawa ƙasa. Sharaɗinsa shi ne yankan farko ya zarce tsawon tsinin nan, in ba haka ba zai tsattsage saman aikin.