Yadda ake duba lafiyar daji, daga ƙasa har mataccen gungume

Daji irin na Falgore ko Kamuku ba itatuwa kaɗai ba ne. Akwai masu rai, wato itace, ciyawa, gara, tsuntsaye da tana, akwai kuma marasa rai da ke juya su: ƙasa, ruwa, hasken rana, iska da wuta. Mai son sanin halin da dajinsa ke ciki sai ya duba ɓangarorin biyu a fili ɗaya. Idan gandun gwamnati ne, a fara neman izinin malamin daji.

Kayan aikin su ne igiya, turaku 4, tef na awo, wuƙa, gwangwanin da aka fasa gindinsa, da littafi. Ka kafa turakun a fili mai mita 20 tsawo, mita 20 faɗi. Daga kusurwa zuwa kishiyarta ya zama mita 28.3, in ba haka ba filin ya karkace. Irinsa 25 ne ke yin hekta 1. Kada ka zaɓi bakin hanya, don masu itace sun riga sun tsince shi.

Fara da ƙasa. Jiƙa ɗan dunƙule ka murza: in ya wargaje yashi ne, in ya yi igiya laka ce. Sai ka nutsa gwangwanin cikin ƙasa zurfin santimita 5, ka cika shi da ruwa, ka duba agogo. Gwada a inuwa, gwada a wurin da shanu suka tattake. Inda ruwan ya daɗe bai shige ba, da damina gudu zai yi ya kwashe ƙasar sama.

Itatuwa masu rai kuwa, auna kewayen kowanne a tsayin mita 1.3, ka raba da 3.14, kaurinsa ke nan. Ƙirga ƙananan tsiro ma. Manyan doka da maje ba tare da ƙananan tsironsu a ƙarƙashinsu ba alama ce ta yawan kiwo ko gobara.

Mataccen itace ne aka fi rainawa, alhali nan aikin yake. Rubuta duk wanda kaurinsa ya kai santimita 10, ka raba gida uku: busasshe a tsaye, gungume a kwance, da kututture. Soka wuƙa a kowanne. In ta ƙi shiga kuma ɓawo na nan, sabo ne. In ta shiga santimita 2 ko 3, ruɓa ta kama. In yana marmashewa a hannu, ya kusa zama ƙasa. Amma ka lura da irin itacen, domin kirya tana shekaru gara ba ta ci ta ba, kuka kuwa nan da nan take zubewa, saboda haka taurin gungume ba ya nuna shekarar da ya faɗi.

Da rani ka taɓa ƙasar da ke ƙarƙashin gungume, za ka ji ta fi ta gefe sanyi da laima. Nan gara da naman kaza suke narkar da itacen su mayar wa ƙasa abincinta. Wanda ya kwanta a gicciye kan gangare yana tare ganye, iri da ƙasar da ruwa ya ɗebo. Na tsaye mai kogo shi ne gidan cilakowa da zuma. Wajen juya gungume, sa takalmi mai rufi, ka jawo shi wajenka da sanda don kunama ko kububuwa ta gudu ta ɗaya gefen, sannan ka mayar da shi yadda yake, in ba haka ba rana ta kashe abin da ke ƙasa.

Masu itacen girki su ɗebi ƙananan rassa, su bar manyan gungume da masu kogo. Kafin wutar Fabrairu da Maris, wadda ta fi ta farkon rani zafi, a share busasshiyar ciyawa mita 2 kewaye da su. A maimaita awon a fili ɗaya, sau ɗaya da damina, sau ɗaya da rani, a bar turakun a wurinsu.