Yadda za ka gwada ƙwaƙwalwarka da biro huɗu da takarda biyu

Wanga wasa na gwada shi ga ƙannena nan gida Gusau bayan la'asar, wallahi dariya munka sha har sai da Inna ta leƙo ta ce lafiya dai ko.

Ka samo biro ko maka kala huɗu, ja, shuɗi, kore da baƙi. A takardar farko ka yi manyan ɗigo kamar 30 da kalolin a cakuɗe. A ta biyu ka rubuta sunayen kalolin amma da biron da bai dace ba, "ja" da shuɗin biro, "kore" da jan biro, haka dai har 30. Sai ka ba mutum ya riƙa faɗin kalar tawadar da sauri, ba abin da anka rubuta ba, kai kuma ka kunna agogon waya.

Ta farko salin-alin za a wuce. Ta biyu ce ake yin ta, za ka ji mutum ya ce "ko... a'a ja!" yana dafe kai. Wani ɗan Amurka John Ridley Stroop ne ya wallafa gwajin a 1935, ɗaliban da ya gwada sun faɗi kala 100 cikin sakan 63, da kalmomi sunka shigo sai ya koma 110.

Dalili kuwa karatu ya riga ya zama jiki, ido na sauka kan kalma ka karanta ta ko ba ka so, sai sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi ya riƙe doka yana cewa tawada fa anka ce, wani sashe can ciki kuma shi ke jin an yi karo ya ce a ƙara hankali, wannan jayayyar ce ke cin lokaci. Shi ya sa autarmu da ba ta iya karatu ba ta doke yayanta mai shirin JAMB. In kana son tabbatarwa rubuta kalmomin da ajami ka ba wanda boko kawai ya sani, ba zai yi tuntuɓe ba, ɗan makarantar allo kuwa zai sha wuya.

In kana son rage lokacinka, ɗan kanne ido har rubutun ya dushe, ko ka kafa ido kan harafin ƙarshe kawai. Maimaitawa kullum ma na ragewa, ni dai kwana biyar ina yi, har yanzu "baƙi" da koren biro na kama ni.